Matar Dutse da Muka Juya wa Bango

Jama'a, wallahi a gabana aka yi wannan, shekarun baya, lokacin ina kula da wani sito a unguwar Al Quoz, can ƙasar waje, inda ake ajiye kayan tarihi. Na yi yawon duniya, na ga gumakan Masar, na ga na Kumasi, babu wanda ya taɓa sa ni waiwaye sai wannan.

An kawo mana sassaƙen dutse biyu daga Indiya, na mabiya addinin Jain. Ɗaya namiji ne a zaune ya naɗe ƙafafu, ɗayar mace ce da yaro a cinya, reshen mangwaro a hannu, zaki kwance ƙarƙashinta, aka ajiye ta a hagunsa. To ashe daidai alƙiblarmu ta zauna. Da azahar ta yi, Isufu, mutumin Maraɗi mai tuƙa injin ɗaga kaya, ya ce, "Baba Alhaji, ni fa ba na salla wannan tana kallona." Muka taru muka kama, da nishi da gumi, muka kai ta lungu, fuskarta na duban bango.

Muka tayar da salla. Isufu ya yi sallama dama, ya juya hagu, wuyan ya tsaya a nan. Subhanallahi! Asibiti suka ce ba su ga komai ba, mai sito kuma ya ce direban da ba ya duban gabansa khalas, wato aikinsa ya ƙare, za a soke masa biza, ga iyali a gida shi suke jira.

Ana haka wani tsoho Ba'indiye, wakilin mai kayan, ya zo dubawa. Da ɗan Indiyancin da na iya na ba shi labari. Ya ce ita mai tsaron na zaunen ce, tun da aka sassaƙa ta ba ta taɓa ba shi baya ba.

Isufu ya ce, "A'uzubillahi, ni zan roƙi dutse?"

Na ce, "Wa ya ce ka roƙa? Mayar da kayan mutane inda ka same su."

Isufu ya ɗora hannu a kanta yana jiran mu kama masa, sai dutsen ya biyo shi sumul kamar kwali marar komai. Tana isa gefen na zaunen muka ji ƙas, wuya ya saki. Ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Baba Alhaji, jikinta da ɗumi." Ga mu kuwa cikin sanyin na'ura har haƙora na haɗuwa.

Ni dai na san dutse ba ya cutarwa, ba ya amfanarwa, sai abin da Allah ya so, amma har yau ban san me na gani ba. Idan ka tarar da abin wasu a alƙiblarka, ɗan'uwa, ka ɗauke tabarmarka ka matsa.