Gurguzun da Ya Zo Makka da Ƙafa

Wata safiyar Juma'a, bayan alhazai sun watse, a shekarar da na shiga aji uku, kakata ta hau da ni saman gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka. Ta kwance bakin mayafinta, ta zuba mini wasu 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Gurguzu ne, irin yakuwa. Gwangwanayen madara na jere jikin katanga cike da ƙasa, unguwa kuma ta gangara da dutse, gida bisa gida. "Ke Balarabiya," in ji ta, don haka take tsokanata saboda gurguwar Hausata, "tura yatsa sosai, ba lalle na ce ki shafa ba."

A faɗarta, wannan iri da ƙafa ya zo Makka. Tana ƙarama iyayenta suka baro ƙauyensu a ƙasar Katsina da niyyar Hajji. Duk inda damina ta riske su sai su yada zango su yi ƙwadago, mahaifiyarta kuma ta shuka yakuwa a bayan bukka. In za su tashi, sai ta ɗebi sabon iri, ta bar sauran a tsaye domin ayarin da ke biye. Haka ta yi a Chadi, haka a Sudan, har suka ƙetare teku.

Ban ruwa aikina ne. Da jarka ake hawo da ruwa kan dutsen nan, saboda haka ba a zubar da na alwala. A roba ake tare shi, in haura da shi kafin in sa kayan makaranta, ina ta mita. In yakuwa ta yi ja, ni da ƙawayena mu tsinka mu goga a leɓe, Kaka ta biyo mu da mafici. Kowace shekara takan ware iri mafi kyau ta shanya, ta ce, "Kada a bar shi ya shekara bai ga ƙasa ba."

Ina sakandare ta rasu. Ba a jima ba rusau ya iso layinmu, muka koma gidan bene na haya a unguwar Shisha, ba soro, ba tsakar gida. Ummata ta naɗe ƙullin gurguzu na ƙarshe a ragowar yadin likkafanin Kaka, wanda aka wanke da zamzam, ta sa a ƙasan akwati. Da na tuna mata maganar Kaka, sai ta ce, "A ina, ya binti, 'yata? Kan firji? In ya mutu a gwangwani, me ya rage mana nata?" Na ga gaskiyarta. Shekaru suka bi ta kan akwatin, mu a ganinmu adanawa muke yi.

A jami'a na karanta tarihin 'yan Mormon na farko, mabiya wata ɗariƙa a Amurka da aka kora daga garuruwansu, suka nausa yamma, wasu a keken shanu, wasu suna jan amalanke da hannu. Aƙidarmu ba ɗaya ba ce, amma abu guda ya tsayar da ni: a wasu zangunan sukan yi shuka su wuce, domin 'yan'uwansu na baya su girba. Na ɗago kai daga karatun, ba na ganin kowa sai mahaifiyar Kaka a bayan bukka.

Da na koma gida na roƙi Umma. Ta daɗe tana kallon akwatin kafin ta buɗe. Muka shuka a tukunya bakin taga, ita da kanta take kawo ruwan alwalarta. Mako ya wuce, wani ya bi shi, ƙasa ba ta motsa ba. Da na tona, gurguzun ya murƙushe tsakanin yatsuna.

Yanzu ruwa na zuwa mana har ɗaki, yakuwa kuma ta cika kasuwa, ba mu san gonar da ta fito ba. Tukunyar na nan bakin taga, Umma ta hana a zubar da ƙasar. Irin da ya jure rana da hamada da teku, a hannun masu ƙaunarsa ya ƙare, cikin farin yadi mai tsabta.