Inda Aka Binne Cibiya

Ko na manta da komai na aikin koyarwa, ba zan manta da ranar da aka zo duba ni a wata sakandare a Isa ba. Lokacin ina ɗalibar koyon malanta, kuma na riga na faɗi gwajin sau ɗaya. In na sake faɗuwa, sai dai in tattara in koma garinmu Sabon Birni hannu rabbana.

Mai dubawar wani dattijo ne daga Sakkwato, fuska a murtuke. Ya ja benci ya zauna a bayan aji. Darasin kuwa bambancin kalmomin Turanci biyu ne, “house” da “home”. Na nuna ta farko a allo, ajin ya amsa baki ɗaya, “Gida!” Na nuna ta biyu. “Gida!” Na yi ta zuba Turancin da na haddace, yara sun zuba min ido kawai. Wallahi na tsorata, gumi har ya jiƙa min hijabi.

Sai na ajiye alli, na koma Hausarmu. “Wa ya san inda anka binne cibiyatai?”

Hannuwa suka tashi. Wata yarinya ta ce, “Malama, tawa tana Tozai, bayan ɗakin kakata, gindin magarya.”

“Nan Isa fa, ina kike kwana?”

“Gidan kawuna. Na siminti ne, har da fanka.”

“In an ba da hutu fa?”

Ta ƙyalƙyale da dariya. “Ai ko kwana ba ni ƙarawa, Tozai za ni!”

Na ce mata na kawu shi ne “house”, gini ne, ana saye ana haya. Inda ranta yake gudu kuwa shi ne “home”, ko da bukka ce. Nan take ajin ya kaure, kowa na faɗin nasa ƙauyen.

Da aka buga ƙararrawa dattijon ya kira ni. Ya ce, “Ɗiyata, kin ci. Amma kin tado mani wani abu. Na yi gini Sakkwato, har na ga jikoki, cibiyata ko tana Alkalawa, can ƙasar Sabon Birni, kuma tsohuwata na nan da rai. Ina ake shiga motar Sabon Birni?”

Ni na raka shi tasha. Tun ranar na gane baƙuwar kalma ba ta zama a kan yaro sai ka ɗaura ta a jikin abin da yake kewa.