Tsagar Kunyar Baba Maigadi

Shekara talatin da ɗaya Baba Maigadi ya yi yana tsaron ƙofar wani sito, kuma aikin ya bar masa hali: ko sallama ka yi masa, sai ya dubi hannunka kafin ya dubi fuskarka. Allah na tuba, mutumin nan ko inuwarsa bai gama yarda da ita ba.

A bayan ɗakinsa akwai kunya shida ta dankali. Marigayiya matarsa ce ke noma su, shi iyakarsa ci. Irin gidan iyayenta ne, mai jan ɓawo, cikinsa kamar kwaiduwa. Da ta rasu, ya yanki yaɗon da ta bari a gindin randa ya dasa yadda ya ga tana yi. Abin hannunta da ya rage ke nan, kuma yana tsoron ya mutu a hannunsa.

Wata uku da dashe, sai ya ga ƙasar kunyoyin ta fara tsagewa. Ya tsuguna ya leƙa, ga jan dankali a ciki. Nan take ransa ya ba shi: wani ke zura yatsa yana duba ko ya nuna. Wa kuwa ya fi kusa? Tela, maƙwabcinsa, wanda katangarsu ba ta wuce ƙirji ba.

Kamar an aiko shi, Tela ya leƙo da tef ɗin awo a wuya.

"Baba, ka ja ƙasa ka rufe tsagar nan."

"Me ya sa ta dame ka?"

"Dankalin ne ke girma. In ka bar ta a buɗe…"

"Na ji. Koma kan kekenka."

Wato ya rufe sawun ɓarawo da hannunsa! Ai tsohon maigadi ba ya share shaida. Ya kakkarya tsinken tsintsiya ya kafa a bakin kowace tsaga, ya ɗauko kujera ya tare a gindin katanga. Tsaga na ƙaruwa, zarginsa na ƙaruwa. Ya daina amsa gaisuwar Tela, maƙwabcin shekara ashirin.

Ranar tono ya sa fartanya. Babu wanda ya ɓata, ko ɗaya. Amma kowanne ya ɗaga, ƙwaro ya huda shi, ciki baƙi, sai ɗaci da wari. Ya tsaga jijiyar yaɗon, ita ma tsutsa ta cinye. Ta tsagar da ya yi wata biyu yana gadi suka shiga. Ya zauna a kan kunyar, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Da la'asar Tela ya yi sallama, rungume da ɗanyen yaɗo. Baba ya dubi hannun. Ya san ganyen nan.

"A ina ka samu?"

"Marigayiya ce ta ba maiɗakina, bara, da ciwon ya yi tsanani. Ta ce mu ajiye, don shekarar farko sai ka kashe naka."



"Ta ce kuma in gaya maka zancen tsaga," in ji Tela. "Ta ce ba za ka yarda ba, amma dai in faɗa."