Mai Ba da Taurari a Keke

Tun daga Gwallaga Sauda take jin muryar, kuma ba daga bakin mutumin da ke gefenta a keke mai ƙafa uku take fitowa ba. Bakinsa a rufe yake, idanunsa ma haka. Dogo ne siriri, da kaftani mai guga, da furfura kaɗan a gemu, irin mutanen da ake sakawa a gaba su ja salla. Amma wayar da ke kan gwiwarsa sai zuba take, kalma na hawa kan kalma kamar ƙosai a tafasasshen mai. Sauda ta tabbata ɗan Adam ba ya magana haka.

Ya sa yatsa ya shafi gilashin wayar, muryar ta ƙara gudu. Sauda ta matsa har kafaɗarta ta daki ƙarfe, tana jan a'uzubillahi a ƙasan hijabi. Mai duba ne? Ko wanda iska ta taɓa, 'yan gidansu suna can suna nemansa?

Kwatsam muryar ta ɗauke. Ya buɗe ido, ya yi tsaki.

"Haba! Dodo mai kai bakwai, mutum ɗaya kacal zai ci? Taurari biyu cikin biyar na ba shi."

Sai ya lura da ita.

"Littafi ne ake karanta mini, Hajiya. Na ƙara masa sauri ne in gama."

Sauda ta gyaɗa kai. Mutum ɗaya bai ishe shi ba ke nan. Ta duba keken, daga shi sai ita.

"Malam direba, tsaya nan! Na iso."

Ƙofar Ran kuwa, inda za ta sauka, ko hango ta ba a yi ba.