Baba Bawah, Kaftin Da Ya Ƙi Tashi

Shekara talatin da uku Baba Bawah Sumana ya yi bai sha kokon safe a zaune ba. Yana sallame asuba zai gangaro bakin ruwan Yeji da kofi a hannu, yana kurɓa yana tafiya. Ya leƙa injin dama, ya leƙa na hagu, ya ja igiya ya ji ko ta saki, ya ɗaga rigunan ceto ɗaya bayan ɗaya yana duba maɗauransu. Daga nan ya hau saman jirgi ya kalli gabas, ya sauko, ya sake hawa ya sake kallo. Abokan aikinsa sun ce in ka ga Kaftin a zaune, to sallah yake yi, ya kai tahiya.

Ɗan Zongon Kumasi ne, a nan aka yanke masa cibiya. Mu nan ba mu da kogi, ruwan da muka sani shi ne na famfo da na kwata. Amma doyar da muke sakwara da ita, da gawayi, da wani ɓangare na shanun da ake yankawa, sai sun ƙetare tafkin Volta tsakanin Makango da Yeji kafin su iso mu. Baba Bawah ya fara da riƙe igiya a pantun, wato babban jirgin da ke ɗaukar lori da mutane gaba ɗaya. Ya zama mai jera motoci, ya zama mai riƙe sitiyari. Shekarunsa goma sha ɗaya na ƙarshe ya yi su a ƙaramin jirgin fasinja mai ciki biyu, wanda in ka hango shi sai ka ce kwalekwale biyu aka jera aka shimfiɗa daɓe a kansu.

Tafkin nan daji ne ruwa ya shanye. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya sai kawunansu su matso sama, su huda cikin jirgi ba tare da an gan su ba. Shakiru, wanda ya gaji sitiyarin a hannunsa, ya gaya mini cewa shekara goma ya yi a gefensa, kuma babu ƙetarawar da Baba bai nuna masa wuri da baki ba. “Ka ga inda ruwa ke murɗawa can? Ƙirya ce a ƙasa. Ba ta ruɓewa. Ba ta hanya.” Shakiru ya ce har yau in ya zo wurin, muryar yake ji.

Direbobin tashar Krofrom ta nan Kumasi kuma suna da nasu labarin, na zamanin da yake jera motoci. An cika pantun, ana shirin ɗaga gadar da motoci ke bi su shiga, sai ga wata ƙaramar mota da manomi a baya, maciji ya sare shi. Babu wuri. Baba Bawah ya sa aka dawo da lorin shanu guda baya, ya shigar da motar. Mai shanun ya yi ta zagi har jirgi ya yi nisa. Manomin ya rayu, kuma har Baba ya bar aiki, duk kaka sai an aiko masa da doya daga wani ƙauye da bai taɓa zuwa ba.

Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Shekara tara da suka wuce, a watan huɗu, ina kwance a babban asibitin nan na Bantama, haihuwar fari ta zo mini da gardama. Likitoci suka ce sai an yi aiki. Mahaifiyata, Mma Latifatu, mai sarin doya ce, ranar tana can hayin Makango. Aka buga mata waya bayan azahar. Ta bar buhunanta a inda suke, ta ruga bakin ruwa. Pantun yana ɗaya hayin. Jirgin Baba Bawah ne a ɗaure, mutane sun riga sun shiga, amma injin a kashe.

Baba yana ta kai da komo a bakin gada, yana kallon gabas inda hadari ya fara haɗuwa.

“Kaftin, don Allah mu tashi,” in ji Mma. “'Yata na asibiti a Kumasi, za a yanka ta.”

“Hajiya, Allah ya sauke ta lafiya. Amma iskan can zai riske mu a tsakiya. Ki ba ni awa ɗaya.”

“Awa ɗaya? Ei, Kaftin! Rana ce fa a kanmu tarwai!”

“A kanmu, i. Dubi can.”

“Ba ka da tausayi ko kaɗan. Da 'yarka ce da tuni ka tashi.”

Mutanen da ke wurin sun ce juyawa ya yi ya ƙara ɗaure igiya. Fasinjoji suka ɗau hayaniya, masu Hausa na yi, masu Twi na yi. Can gefe wani mai kwalekwalen katako mai inji ya fara kira, shi yanzu zai wuce. Mutane suka fara fita daga jirgin Baba suna komawa can. Baba ya bi su har bakin kwalekwalen, yana riƙe hannun wannan, yana tare gaban wancan. “Ya cika, wallahi ya cika! Ku dubi bakinsa da ruwa!” Ba wanda ya saurare shi. Da ya ga Mma ta sa ƙafa, sai ya koma da gudu ya ɗauko rigar ceto ɗaya ya jefa mata a cinya.

“Ki zage ni, amma ki ɗaura wannan.”

Ta ɗaura, ta ce, don kawai ya rabu da ita.

Ba su yi rabin hanya ba iska ya sauko. Mai kwalekwalen ya karkata don ya kauce wa igiyar ruwa, ya fita daga hanya, ya hau kan kututture. Daga gaɓa Baba Bawah ya ga abin da ya faru, don idonsa bai bar su ba tun da suka tashi. Ya ce wa sauran fasinjojin da suka tsaya su fita duka. Ya dubi ma'aikatansa uku ya ce wanda ke da shakka ya sauka, ba laifi. Ba wanda ya sauka. Ruwan da ya ƙi shiga da fasinja, shi ya shiga da jirgi wayam, ruwan sama na dukan gilashi, ba a ganin abin da ke gaba. Shakiru, ɗaya daga cikin ukun, ya ce da ka Baba yake tuƙi, yana ambaton itatuwan da ke ƙasa a fili kamar mai kiran sunayen 'ya'yansa.

Mutum talatin da ɗaya suka tsamo. Mma na cikinsu, ba ta iya ruwa ba ko kaɗan, rigar ce ta riƙe ta. Mutum huɗu ba a same su da rai ba, har da wata mata mai sayar da kifi da suka zauna kafaɗa da kafaɗa da Mma.

Washegari Mma ta iso Bantama da zanen aro, ta ɗauki jikanta. Ba ta gaya mini komai ba sai bayan suna.

Baba Bawah, kai ne ka ɗauki zagin da ba naka ba, ka haɗiye, ka kuma bi mai zagin cikin ruwa. Ba a kira ka a rediyo ba. Ba a rataya maka komai a wuya ba. Washegari ma da asuba kana bakin ruwa kana duba injin dama.

Bara Baba ya ajiye aiki ya dawo Zongo, kuma har yau bai iya zaman gida ba. Matarsa, Mma Adizatu, ta ce ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba sau biyu. Da hantsi sai ya taka har tasha, ya tare direban da ya fito daga Yeji. Ruwa ya ja? Ina ya kai? An canza igiyar gada? In hadari ya haɗu a saman Kumasi, sai ya fito tsakar gida da waya a kunne yana kiran Shakiru, ko da can rana ake yi. “Alhaji, ka zauna mana,” in ji matarsa. Ya zauna, kafin ta juya ya miƙe.

Mahaifiyata kuwa shekara tara tana kauce masa. Ta daina bin hanyar Yeji, ta koma zagayawa ta Tamale, duk da nisan. Da ya dawo unguwa, in ta hango shi sai ta canza lungu. Watan jiya ta ce in raka ta. Muka same shi a ƙofar gida a tsaye. Ta durƙusa, da tsufanta.

“Hajiya Latifatu ce? Tashi, tashi don Allah.”

“Kaftin, bakina ya yi maka laifi.”

“Uwa ce ke, 'yarki na kan gadon asibiti. Me za ki ce da ya wuce haka?” Ya dubi ƙasa. “Ni abin da ke hana ni sukuni, riga ɗaya na ɗauko. Hannu biyu gare ni. Da na kwaso biyar.”

A nan na gane abin da ke tayar da shi daga kujera. Mu muna ganin talatin da ɗaya, shi huɗu yake gani.

Baba, ban isa in sauke maka wannan ba, Allah kaɗai ke iyawa, kuma muna roƙonsa ya yi. Amma ka ji daga bakina: na gode. Ɗana ya san kakarsa saboda kai. Gidaje talatin da ɗaya ba su yi zaman makoki ba saboda kai. Allah ya saka maka, ya ba ka natsuwar da ka hana kanka don mu isa gida.

Ku kuma 'yan'uwana masu bin hanyar arewa, da ku masu riƙe sitiyari a ruwa ko a tudu, ku koyi faɗin “ba yanzu ba” ko da duk tasha ta taso muku. In an miƙo muku rigar ceto, ku ɗaura. In kuma kun gamu da wani dattijo dogo a Zongo yana sauri kamar ana jiransa, ku tsayar da shi ku gaishe shi da kyau. Ba zai daɗe a tsaye ba, ku yi maza.