Maramiyya a Butar Ummu Gazi

Sunanta na yanka Fidda, amma tun da ta haifi ɗanta na fari, Gazi, kowa a ƙauyen nan na gindin tsaunukan Ajlun Ummu Gazi yake ce mata. Mace ce da zama wuri ɗaya yake yi mata wuya. Ko gaisuwar mutuwa ta je, kafin a shafa fatiha ta miƙe ta leƙa madafa. Wurin mahaifiyarta ta koyi sanin ganye. Da bazara takan hau tsauni ta tsinko maramiyya, wani ganye mai ƙamshi da ɗan ɗaci, da na'a-na'a, ta ɗaure su dami-dami, ta rataye a inuwa, don a cewarta rana ɓarauniyar ƙamshi ce.

Dokarta ɗaya ce, kuma duk wadda ta zo neman magani sai ta ji ta: ƙwaya ake tafasawa, ganye ba a tafasa shi. A sauke buta daga wuta, a jefa ganyen, a rufe da faranti, a ja salati ɗari a carbi. Raɓar da ta taru a jikin farantin a karkaɗe ta cikin butar, nan maganin yake. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, yakan ce bai taɓa ganin ta kai ɗarin a zaune ba. Hamsin a bakin murhu, hamsin wajen kaji. Shi ne kuma mutumin da ba ya shan shayi sai da reshen maramiyya a ciki. Shekara tara da rasuwarsa, hannunta bai daina jefa reshen nan a buta ba.

A hunturun bana surukarta Rudaina, 'yar birnin Irbid, ta haifi namiji aka sa masa Talal. Gazi yana kan hanyar Aƙaba da babbar mota, sai sati-sati ake ganinsa, don haka jegon ya faɗo hannun Ummu Gazi. Wata guda yaron bai yi kumari ba. Ya kama nono ya saki, ya yi ta kuka. A asibitin ƙauye ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli, ta ce ruwan nonon ne ya yi kaɗan; in Alhamis ta sama ta zo bai ƙaru ba, madarar gwangwani za a fara ba shi. Rudaina ta dawo tana share hawaye da bakin mayafi, don ta ci burin shayar da ɗanta da kanta.

Ummu Gazi ta tashi haiƙan. Ta wanke hulba, da yake tana kawo ruwan nono, ta soya ta sama-sama, ta tafasa har ruwan ya yi launin zuma, ta tace ta kai ɗaki safe da yamma. Gidan duk ya ɗauki warinta. Tsakanin kofin hulba da kofin hulba kuma, da yake ana ruwa ga sanyi, tana ta kai wa yarinyar shayi mai zafi, kofi biyar ko shida a wuni. Rudaina ba ta taɓa mayar da kofi ba. Ba a yi wa uwar miji haka. Kwana huɗu babu canji. Ummu Gazi ta sake hulba, ta zargi mai kanti da sayar mata da tsohuwa, ta zargi ruwan tanki, ta ƙona turare saboda kambun baka. Ta shiga ɗaki ta taɓa kumatun jaririn, ta fito, ta koma. Ko a sallah sai ta tsinci kanta tana kokwanton raka'a.

Ranar Lahadi da hantsi maƙwabciyarta Hilala ta shigo tana karkaɗe ruwa daga mayafi. Tare suka yi ƙuruciya, ba sa ragawa juna.

"Ummu Gazi, gidanki ko rumfar mai magani? Tun daga masallaci hulbarki ta tare ni."

"Hancinki ne ya yi tsawo, Hajja. Zauna, ga buta a wuta."

Hilala ta zauna bakin risho ta faɗi abin da ya kawo ta: 'yarta za ta yaye yaro, nono ya cika mata yana ciwo. Tana son a sammata maramiyya, irin wadda Ummu Gazi ta ba ta da kanta shekarun baya, ta sha kwana uku nonon ya ƙafe.

A daidai lokacin Ummu Gazi ta sauke buta, ta ɗaga murfi, reshen yana tsakanin yatsunta. Ta tsaya. Ta dubi reshen, ta dubi ƙofar ɗakin mai jego. Maramiyya tana ƙafar da nono; abin da ta faɗa wa matan ƙauyen nan sau ba adadi ne. Sai dai a wurinta maramiyyar magani daban take, ta cikin shayi kuwa shayi ce kawai, kamar sukari.

Ta ciro damin gaba ɗaya daga ƙusa ta ɗora wa Hilala a cinya. Hilala ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta ga fuskarta, ta ɗauki damin ta tafi.

Ummu Gazi ta shiga ɗakin ba kofi a hannu, ta zauna a bakin katifa. Rudaina ta yi mamakin ganin ta zaune.

"'Yata, da hannun dama nake ba ki, da na hagu nake ƙwacewa. Shayina ne yake ƙafar miki da nono. Ki yafe mini."

"Haba Amti, ai ba da gangan ba ne." Rudaina, wadda haka take kiran uwar mijinta, ta ɗan yi murmushi. "Ni dama ɗacinsa nake ji, kunya ce ta hana ni faɗa."

Ranar Alhamis suka tafi asibiti tare, Ummu Gazi tana gaba da lema, tana waiwaye tana cewa a rufe wa jaririn kai. Ma'aikaciyar ta duba sikeli sau biyu. Ƙarin ba shi da yawa, amma ya isa ta ce a bar zancen gwangwani, su dawo wani satin.

Da suka koma gida Ummu Gazi ta dafa shayi tsura. Ta kurɓa a tsaye, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai ruwan zafi ne aka ɓata wa suna. Ta shanye shi duk da haka, ta je jiƙa hulbar yamma.