Gaisuwar Malam Sule a Kan Keken Tsaye

Akwai wata safiyar Alhamis da ban taɓa mantawa da ita ba a duk shekarun da na yi ina aikin gadi. Ku sababbin shiga kun dame ni da tambayar waɗancan injinan da ke jingine a bayan mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, yanar gizo-gizo ta rufe su. To ku gyara zama, yau za ku ji.

A lokacin ni ne shef de post a manyan mangazun atamfa na gidan Alhaji Mamman, nan gefen Zongo a birnin Waga. Ga wanda bai san tsarinmu ba: a ƙasa akwai ajan, wato mai tsayuwa a ƙofa ko mai zagaye. Sama da shi shef de post, mai raba aiki a wuri guda. Sama da mu kuma kontrolar, mai bin wuraren aiki a moto, wato babur, yana duba mu, ya kai wa direkta bayani. Kontrolarmu mace ce, Madam Kabore, Bamoshiya 'yar unguwar Sisin. Ba ta da yawan magana, amma in ta zuba maka ido sai ka tuna ko ka goge takalminka.

Bayan babbar sallah direktan kamfaninmu ya dawo daga tafiya da injinan nan. Matasa suna ce musu jiropod, mu dattawa muka sa musu keken tsaye. Taya biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, da faranti a tsakiya inda za ka taka, da sanda a gaba da za ka riƙe. Ba giya, ba birki. Ka karkata gaba ya tafi, ka ƙara karkata ya ƙara gudu, ka ja baya ya tsaya cak. Wallahi ba zan rage wa injin nan komai ba. Abu mai taya biyu ya tsaya da ƙato a kansa bai faɗi ba! Ranar farko na zagaye shi ina neman inda aka ɓoye ƙafa ta uku. Duk wanda ya ƙera shi, na sara masa.

Direkta ya tara mu ya ce daga yanzu zagayen rana a kan injin za a riƙa yi, kuma wanda bai iya ba kafin lokacin sabunta kontira, wato kwantiragin aiki, ba za a sabunta masa ba. Nan take idon kowa ya koma kan Malam Sule.

Malam Sule mutumin Madawa ne, tsohon direban babbar mota, ya haura hamsin, ga gida cike da 'ya'ya. In aikin nan ya kuɓuce masa, a shekarunsa ba mai ɗaukar sa. Yara suka fara tsokanar sa, wai tsoho zai yi wasan jikoki. Shi dai murmushi kawai yake. Kafin a gama horo, jama'a, Malam Sule ya fi kowa. Yakan ratsa tsakanin dilolin atamfa bai taɓa ko ɗaya ba, ya juya a wuri guda, ya tsaya a gabanka yana gyara hula. Na ce masa, "Malam, ko da shi aka haife ka ne?" Ya ce, "Shef, wanda ya ja tirela zuwa Lome, wannan ai hutu ne."

A waje kam injin bai yi farin jini ba. Mun gwada fita da shi sau ɗaya bayan ruwan sama, jar laka ta riƙe shi tun bai kai gudron, wato titin kwalta, ba. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba caji, sai ya wuni a jingine. Wata mai sayar da fura ta tare wani ajan ta ce ya rage mata hanya, ya duba baya ya rasa inda zai sa ta, ta bi shi da dariya. A Waga kuwa, abin hawan da ba ya ɗaukar mutum na biyu da buhun masara ba a lissafa shi cikin abin hawa. Amma a cikin harabarmu siminti ne shimfiɗe, direkta ya ce nan ne wurinsa.

Sai Alhamis ɗin da na faɗa muku, ranar nuna wa masu wuri. Direkta ya zo da kwat, Madam Kabore tana gefensa, ga Alhaji Bashir, ɗan maigida, wanda ke riƙe da kasuwancin yanzu. Abin da ba mu sani ba shi ne tsoho Alhaji Mamman da kansa ya ce sai an kawo shi ya ga keken da ba ya faɗuwa. Ya daɗe bai fito ba, da sanda yake dogarawa. Shi ne kuma ya sauki Malam Sule a zaurensa ranar da ya fara shigowa garin nan bai san kowa ba.

Na sa Malam Sule a gaba, don shi ne gwaninmu. Ya zagaya bayan mangaza, ya fito ta kwana a hankali, gwanin sha'awa. Yana ɗaga kai sai ga Alhaji Mamman tsaye kusa da shi. Ku kun san abin da jikin ɗan Zongo ke yi in ya ga babba, ba ya jiran shawarar kai. Malam Sule ya rusuna.

Inna lillahi! Injin ya ɗauka gudu ake so, ya zabura kan tsohon. Malam Sule bai yi ƙoƙarin tsayar da shi ba, don ba sauran wuri. Ya fizgi sandar zuwa hagu da dukan ƙarfinsa, ya jefa kansa ƙasa. Injin ya goge gefen rigar Alhaji ya je ya daki bango. Mun ji ƙarar hannun Malam Sule a kan siminti. Yana kwance, hula can gefe, gumi na keto masa, ya ɗago kai ya ce, "Baba Alhaji, an tashi lafiya?" Kafin tsohon ya amsa, aka riƙe shi aka mai da shi mota.

Direkta ya yi ta faɗa da Faransanci, ya ce wannan babban laifi ne, an kusa kashe masa mai wuri, Sule ya gama aiki. Madam Kabore ta ce, "Patron, ka ba ni 'yan kwanaki kafin ka yanke." Ta zo ta riƙa wuni a benci kusa da mai shayi, tana kallon yadda ake zagaye. Da ta gama kallonta ta ɗauko direkta, ta roƙe shi ya hau injin, sannan ta ce, "In mahaifiyarka ta shigo ta waccan ƙofa yanzu, yaya za ka yi?" Ya ce sauka zai yi mana. Ta ce, "To haka ajan ɗinka suke wuni, hawa da sauka, ga liman, ga dillalai, ga tsofaffin 'yan dako. Mai tafiya a ƙasa ya riga su gama zagaye. Waɗanda kuma suka daina sauka, suna ɗaga hannu daga sama, 'yan dako sun daina yi musu magana. In baƙuwar fuska ta shigo, wa ke faɗa mana in ba su ba?" Ranar na ƙara ganin girman matar nan.

Direkta ya sauko daga fushinsa, amma ba duka ba. Ya ce Sule zai iya dawowa in ya yi alkawari zai riƙa gaisuwa a miƙe, irin ta soja. Ni da Madam muka tafi gidansa mu kai saƙon. Muka same shi a kan tabarma, hannu a ɗaure. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Shef, injin nan ba shi da laifi. An koya masa in mutum ya sunkuya, gaba yake so. Ni kuma tun ina yaro aka koya mini abin da sunkuyawa take nufi. Ku ce wa patron na gode, amma ba zan yi alkawarin da bayana ba zai cika ba." Matarsa na bakin ƙofa tana ji. Gaskiya zuciyata ta karye, don na san aikinsa ya ajiye ke nan.

Muna shirin tashi muka ji sallama. Alhaji Mamman ne, ɗansa na riƙe da shi. Malam Sule ya yunƙura zai miƙe, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya miƙa wa ɗansa sandar, ya fara durƙusawa a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, mutumin da duk Zongo ke durƙusa wa. Sai da ya kai ƙasa ya ce, "Sule, ka gaishe ni ranar nan ban amsa ba. Na zo in amsa. Lafiya lau na tashi." Madam Kabore ta juya fuska tana gyara ɗankwali. Ni kam ban ɓoye hawayena ba.

Kafin ya fita ya ce wa ɗansa babbar ƙofa ta Sule ce muddin yana so. Madam ta kai wa direkta maganar mai wuri, aka sabunta kontirar. Injinan kuwa ba wanda ya hana hawansu, a hankali dai aka daina, har aka jingine su inda kuke ganinsu.

Abin da na koya shi ne rabin aikin gadi gaisuwa ce, kuma duk kyan na'ura, sai ta bar wa mutum wurin yin mutuncinsa kafin ya riƙe ta. Malam Sule na can babbar ƙofa, hannun hagunsa har yau ba ya miƙewa sosai. In kun tashi ku bi ta wurinsa ku gaishe shi, kuma kar in ga wanda ya yi ta a tsaye.